Lotsewar Ƙofar Motar Baba

An yi wani mutum mai suna Irmiya, ɗan wani malamin asibiti. Uban yana da wata 'yar ƙaramar mota ja mai kujeru biyu da rufin tamfol, wadda ya saya a hannun wani likita Bature da zai koma gida. Motar ba ta ɗaukar buhun masara ko akuya, gudu kawai ta iya, amma tsohon yana ji da ita ƙwarai.

Wata rana, Irmiya yana saurayi, ya ɗauki makulli ba izini don ya burge abokansa. Bai yi nisa ba ya gwabza ta da bishiyar mangwaro. Ƙofar direba ta lotse, injin ya mutu, shi kuwa ya fito ko ƙwarzane babu. Kunya da tsoro suka kama shi, ya tsere Kudu bai yi sallama da kowa ba.

Shekara goma sha takwas yana can, ya koyi kanikanci har ya ƙware. Da ya ji labari idanun mahaifinsa sun daina gani, sai ya dawo garin, amma ya kasa taka ƙofar gida. Ya ce a ransa, "Da wace fuska zan shiga? Bari in gyara abin da na ɓata tukuna." Ya lallaɓa ya sami ƙanwarsa Rifkatu, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Aka janyo motar daga tsakar gida, aka ce wa tsoho wani mai sha'awar tsofaffin motoci ne zai duba ta.

Motar ta sha wuya. Tsatsa ta cinye ƙasanta, kaji sun mai da kujerun wurin saka ƙwai. Irmiya ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya yi walda, ya sa injin da ya fi na asali ƙarfi, da birki na zamani, da kujerun fata. Ƙofar nan kuwa ya yi ta bugu yana gogewa har ta yi sumul. Rifkatu takan zo ta ce, "Yaya, jikin Baba fa yana ja baya." Shi kuwa sai ya ce, "Saura fenti." In an yi fenti, saura fitilu. Bawan Allah, a haka ya cinye shekara biyu, tsakaninsa da ubansa tafiyar minti goma.

Ran da ya gama, ya tuƙa ta har ƙofar gida. Rifkatu ta riƙo hannun tsohon ta fito da shi. Irmiya ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne. Ga motarka, na gyara."

Tsohon ya miƙa hannu yana shafa ƙofar direba, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya ce, "Ina lotsewar?"

"Na daidaita ta, Baba. Ba sauran alama."

Hawaye suka fara bin kumatun tsohon. Can ya ce, "Kowace safiya nan nake ɗora hannu in gode wa Allah da ƙarfe ne ya lotse, ba ɗana ba. Daga nan in roƙe shi ya dawo mini da kai. Da aka ɗauke motar, na rasa inda zan ɗora hannu." Ya lalubo kan Irmiya ya riƙe da hannu biyu. "Yaushe ka dawo?"

Irmiya ya ce, "Shekara biyu ke nan." Sai ya fashe da kuka.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Tsohon nan yana nuna mana Ubanmu na Sama, Irmiya kuwa ni ne da kai. Motar ita ce rayuwar da muka ɓata da hannunmu. Da yawa a cikinmu mun dawo gari amma ba mu shiga gida ba. Wani yana cewa sai ya daina shan giya zai koma sujada, wata tana cewa sai ta gyara halinta za ta durƙusa ta yi addu'a. Gyara abu ne mai kyau, ban raina wahalar Irmiya ba, tausayinsa ma nake ji. Amma da ya fara shiga gida, da sun gyara motar tare, tsoho yana zaune a inuwa yana jin ƙarar guduma yana murna. Ubangiji ya san inda ka lotse, ya kuma yafe tun kafin ka ɗauki guduma. Shigo da lotsewarka yau. Tsohon ya sami ɗansa, amma shekara biyun nan ba makaniken da ya iya dawo musu da su.