Zabuwa da Ƙudan Kamun Mayu

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

A wani gari na tsuntsaye da ƙananan dabbobi, akwai wata Zabuwa. Ba ta san uwar da ta yi ƙwanta ba. Kaza ce ta kwanta a kan ƙwan, ta ƙyanƙyashe ta, ta rene ta cikin 'ya'yanta, shi ya sa take ce mata Inna.

Wata damina Zabuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha biyu. Kullum da sassafe sai ta ja su cikin ciyawa neman fara. Ba a yi mako ba, uku suka sandare suka mutu. Tana tsaye a kansu tana kuka sai ga Gizo ya zo gaisuwa. Ya juya gawa ɗaya, ya kaɗa kai.

"Wannan ba ciwo ba ne," in ji Gizo. "Kurwarsu aka kama. Wa kika gamu da shi a hanya jiya?"

Zabuwa ta yi tunani. "Bushiya kawai na gani. Da ta hango mu sai ta dunƙule."

"To me take ɓoyewa?"

Zabuwa ta san haka Bushiya take yi wa kowa tun da aka halicce ta. Amma zuciyarta na ƙuna, tana neman wanda za ta ɗora wa. Sai ta hau kan danga ta yi ta shela: "Bushiya ce, Bushiya ce." Kafin azahar duk garin ya ɗauka. Wannan ya ce ai shi ma ta taɓa kallon ɗansa, waccan ta ce tun da Bushiya ta gifta ƙofarta take ciwon kai.

Aka taru a gaban Alƙali Gauraka. Gizo ya fito da wata 'yar gora da ƙuda a ciki.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙudan daga kakana na gada. Ba ya sauka sai a kan maye."

Ya bi sahu yana shafa bayan kowa, wai addu'a yake yi musu. Ya buɗe gora. Ƙuda ya yi ta kewayawa, ya je ya sauka a bayan Bushiya. Ta rantse, ta yi kuka, ba wanda ya saurare ta. Alƙali ya dubi taro, ya ga idanunsu sun yi ja, sai ya yanke: a kore ta daga gari, gonarta kuma a ba wanda ya kama ta.

Bayan kwana uku, wasu 'ya'yan Zabuwa uku suka sake mutuwa.

"Ashe ba ita kaɗai ba ce," in ji Gizo. "Wa kuma kika gani?"

"Hawainiya ce a kan reshe."

"Wadda ke sauya launi sau goma a yini? Mai gaskiya me zai sa shi sauya riga haka?"

Aka sake taruwa, Gizo ya sake shafa bayan kowa, ƙuda ya sauka a kan Hawainiya. Aka raka ta da jifa har bakin rafi, Gizo ya ƙara gona.

Daga nan gari ya lalace. Maƙwabciya ba ta aron wuta wurin maƙwabciya. In ka gai da ɗan wani, uwarsa ta janye shi. In ka yi shiru a ce ƙulli kake yi, in ka yi fara'a a ce ka ci ka ƙoshi. Ita kanta Zabuwa ta daina kallon kowa a ido, don duk wanda ta kalla sai ta ga kamar shi ne.

Wata rana a bakin rijiya Kaza ta tare ta a gaban jama'a.

"'Yar nan, raɓa ce ke kashe miki 'ya'ya. Da kina ƙarama ba na fitar da ke sai rana ta busar da ciyawa. Ki bar ɗora wa bayin Allah."

Gizo na gefe yana ji. Da yamma ya bi gida gida: "Me ya sa Kaza ke kare mayu? Wa ya gaya mata abin da ke kashe yara, in ba ta da hannu?"

Aka taru karo na uku. Gizo ya shafa bayan kowa, ya buɗe gora, ƙuda ya sauka a kan Kaza. Alƙali ya ce gobe da hantsi a kore ta.

Zabuwa ta bi ta har rumbun da aka tsare ta. Zuciyarta ta rabu biyu. Anya Inna? To amma ƙuda fa? Ta tsaya nesa tana dubanta, kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Ke ma tsorona kike ji?" in ji Kaza.

Kunya ta kama Zabuwa. Ta matso, ta kwantar da kai a bayan Innarta. Da za ta ɗago sai ta ji gashinta ya manne. Ta sa baki ta ɗanɗana. Zuma ce.

Da hantsi, jama'a sun taru da duwatsu, Zabuwa ta durƙusa gaban alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, ina roƙon a sake gwaji. Amma a wanke bayan Inna, kuma Gizo ya ɗaga hannuwansa sama, kada ya taɓa kowa."

"Ƙudan ba ya aiki sau biyu," in ji Gizo.

"Yau zai yi," in ji alƙali.

Aka buɗe gora. Ƙuda bai ko kewaya ba, ya tafi kai tsaye ya lafe a hannun Gizo, hannun da ya lakato zuma da shi da safe.

Taro ya ruɗe. "Gizo ne mayen, a jefe shi."

Zabuwa ta sha gabansu. "Shi ma ba maye ba ne. Zuma ce a hannunsa, ita yake shafa wa wanda ya ga dama. Macuci ne, a kama shi da cuta. Ni kuma ban ga Bushiya ta yi komai ba, ban ga Hawainiya ta yi komai ba. Hanya kawai muka haɗa. Bakina ne ya kore su."

Alƙali Gauraka ya dubi jama'a, ya ce, "Ni ma tsoronku na ji, na yanke abin da ban bincika ba. Daga yau ga doka. Wanda ya kawo ƙara zai faɗi abin da idonsa ya gani, ba abin da zuciyarsa ta raya masa ba. Wanda aka zarga sai an ji ta bakinsa har ƙarshe. Kuma wanda ya nuna mai laifi ba zai ci ko zangarniya ɗaya daga gonarsa ba."

Aka ƙwace gonakin, Gizo ya sulale ya haye rufin ɗaki. Zabuwa ta daina fita da 'ya'yanta sai rana ta ɗaga, shidan da suka rage duk suka girma.

Ita da kanta ta shiga daji neman waɗanda aka kora. Bushiya ta yafe, ta dawo. Hawainiya kuwa ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Na ji an yi doka. Amma waɗanda suka jefe ni har yanzu su ne a garin." Ta juya ta tafi a hankali, ido ɗaya na duban gaba, ɗaya na duban baya. Haka take tafiya har yau.

To kun ji, jikokina. In tsoro ya shiga gari, kada bakinku ya riga idonku. Abin da ba ku gani ba kada ku ɗora wa mutum, ko da duk garin na faɗa, don ba kowa ne ake kora ya dawo ba.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare a nan.