Laimar Ruwa da Tsohuwar Ƙaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara teku ya yi ɗumi, sai igiyar ruwa ta kwaso wata baƙuwa ta yar a bakin wata gaɓa. Sunanta Laimar Ruwa. Ba ƙashi, ba jini, jikinta kamar kamu, ga zaruruwa na reto a ƙasanta masu harbi kamar kunama. Ba ta iya zaɓar hanya, sai inda ruwa ya kai ta.

Ba ta san kowa ba. Sai ta ga Karfasa, ta ce, "Salamu alaikum, 'yar'uwa." Ta miƙa zare su gaisa. Karfasa ta ƙwalla ƙara, "Wayyo, wuta!" Ta gudu.

Sai ga Tarwaɗa. Laima ta ce, "Baba, ina kwana?" Zare ya taɓa gashin bakinsa. Ya ce, "Allah ya isa!" Ya nutse cikin laka.

Sai wani masunci ya tsoma hannu zai ja koma. Ta ce bari ta gaida ɗan Adam. Ya yarfe hannu yana salati, ya tuƙa kwalekwalensa gaba.

Laima ta koma gindin dutse tana kuka, ba mai gani, don hawaye ba ya nunawa a cikin ruwa.

Sai wata tsohuwar Ƙaguwa ta leƙo daga rami, ta ce, "'Yar nan, miƙo hannun."

Laima ta ce, "Iya, zan harbe ki."

Ta ce, "Ɓawona ya ga abin da ya fi wannan. Miƙo."

Suka gaisa. Kullum in ruwa ya cika, ya turo Laima gindin dutsen, sai su yi ta hira.

Ran nan Laima ta ce, "Iya, ke kaɗai gare ni. Zan roƙi igiya ta kawo mini dangina."

Ƙaguwa ta ce, "Me suke ci?"

"Ƙwan kifi, kamar ni."

"Cikinki ɗaya gaɓar nan ta iya ɗauka. Ki yi tunani."

Laima ba ta ji ba. Ta roƙi igiya, igiya ta kawo su, dami-dami, har ruwa ya yi kauri kamar kunu. Laima ta yi ta murna: "Sannunku da zuwa! Yaya gida?" Ba wanda ya amsa. Kowa ya buɗe laimarsa yana ci.

Suka cinye ƙwai kaf. Karfasa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi. Tarwaɗa ya haura kogi. Masunci ya naɗe komarsa ya bar garin.

Sai Ƙaguwa ta fito da safe, ta rame, ta ce, "'Yar nan, da ragowar kifi nake rayuwa, yanzu babu. Zan bi tudu."

Laima ta ce, "Iya, tsaya in bi ki!"

Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa. Sai ruwa ya fara janyewa, ya ja ta baya cikin dangi. Tana kallo Ƙaguwa ta hau yashi a karkace, sannu-sannu, har ta ɓace.

To yara, kun ji. Taro ba shi ne abokin hira ba. Wanda ya samu mutum ɗaya mai riƙe masa hannu, kada ya raina.

Ƙurunƙus kan ɗan karfasa. Ba don dare na jiranmu ba, da na ƙara muku.