Gizo da Ƙurajen Saiwar Wake

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo ne da matarsa Ƙoƙi. Gizo yana da gandu babba, ya shuka dawa ya ratsa ta da wake. Ƙoƙi kuma tana da 'yar gayauna a gefe, wadda kullum yake yi wa dariya, wai ko tabarma ta fi ta faɗi. Rumbunsu ya riga ya yi ƙasa, abin da ke gonar nan shi ne cin gidan na shekara.

Ran nan Gizo yana noma, sai fartanya ta tumɓuko gindin wake guda. Ya ɗaga ya ga saiwar cike da ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ya fasa ɗaya da farce, sai ga cikin ja wur. Ya kurma ihu da tsamin bakin nan nasa.

"Jini! Ƙoƙi, taho ki ga kashka tana shan jinin wakena!"

Ƙoƙi ta zo ta duba, ta ce, "Maigida, haka na tashi na ga waken babana. Ka bar su."

"Ke me kika shani a noma?"

Kashegari ya bi kunya kunya yana tone saiwa, yana tsince ƙurajen yana zubarwa. Buzuzu ya zo wucewa yana gungura kayansa, ya ce, "Gizo, yi a hankali, akwai masu gida a nan." Gizo ya ce, "Ni ne mai gida."

Rana ta biyu ya samo magani mai ƙarfi, bai ko auna ba, ya malala wa ƙasa har ta yi kumfa. Buzuzu ya ce, "Gizo, akwai fa masu gida." Gizo ya ce, "Tafi can, mai wayin kashi."

Rana ta uku ya kwashe taki da ruɓaɓɓen ganye kaf, ya watsa a rafi, wai nan cutar take kwana. Wannan karon Buzuzu ya tura kayansa kawai ya koma gayaunar Ƙoƙi.

Da kwana ya tura, Gizo ya taho gona yana fito, yana taƙama. Yana isa sai fiton ya maƙale masa a baki. Wake ya yanƙwane, dawa ta yi ɗorawa ta tsaya iya gwiwa, ciyawar wuta-wuta ta mamaye ko'ina. Ga gayaunar Ƙoƙi kuwa kore shar, taku uku ne tsakaninsu. Gizo ya murza ido, ya sake murzawa, sai ya zube zaune daɓas.

"Buzuzu, wa ya yi mini shammu?"

Buzuzu ya ce, "Kai ka yi wa kanka. Akwai wasu 'yan halittu a ƙasa, ido ba ya ganinsu. Ƙullin nan madafarsu ce. Su kamo abinci daga iska su dafa wa wake, wake ya ba su masauki, ragowar kuma dawa ta samu. Jan da ka gani, alamar tukunya na kan wuta ce. 'Yan'uwansu na cikin taki su ke tare cuta."

Gizo ya ɗora hannuwansa duka a ka. "Wato mashu yi mini aiki kyauta na kashe?"

"Su fa. Ko sannu ba su taɓa nema a wurinka ba."

Shekarar nan gandu bai ba da ko dami ɗaya ba. Gayaunar da aka raina ita ta riƙe gidan, koko da safe, koko da yamma. Da damina ta zagayo, Gizo ya ɗauki ƙwarya ya durƙusa gaban Ƙoƙi, yana roƙon ƙasar gayaunarta ya barbaɗa a gandu, ko masu gida za su yarda su dawo. Ƙoƙi ta ce, "Ɗiba, amma ka yi musu sallama tukuna." Haka ya sunkuya ya yi wa ƙasa sallama, Buzuzu na kallo.

Shi ya sa har yau kuke ganin Gizo rataye a sama da zare, kunyar taka ƙasa yake ji. Don haka, jikokina, abin da ba ku san amfaninsa ba kada ku yi gaggawar hallaka shi, ku tambaya tukuna. Wani mai ciyar da kai, ko ganinsa ba ka taɓa yi ba.

Ƙungurus kan kusu. Ba don Gizo ba, da na yi muku ƙarya.