Ubaidullahi da Hular Kamfanin da Ya Sallame Shi

Akwai wani magidanci a Tambuwal mai suna Ubaidullahi. Shekara bakwai yana tsaron sito a wani kamfanin sayar da taki da irin shuka. Ba ya sata, ba ya fashin aiki. Aibinsa ɗaya ne, yana son a ce shi wani ne.

Bayan girbi, kamfanin ya rufe reshensa na garin, aka sallami ma'aikata. Kowa ya koma gida ya faɗa wa danginsa. Shi kuwa matarsa Hamdiyya kaɗai ya gaya wa, ya ja mata kunne kada ko uwarta ta ji.

To ku ji wauta. Kullum da safe sai ya ɗora hular kamfani a kai, ya hau babur ya bi hanyar Dogon Daji, ya sami inuwa ya zauna da waya. Yana ta aika takardun neman aiki ga mutanen Abuja da Legas da ya gani a Facebook, waɗanda ba su san shi ba, ba su san ubansa ba. Idan ya gama, ya saka tsohon hotonsa na cikin sito, ya rubuta a ƙasa: "Aiki ibada."

Suna da zaure a WhatsApp na waɗanda suka yi sakandare tare. A can "Manaja" ake kiransa. Sunan nan ya fi masa tuwo daɗi.

Wata biyar a haka. Geron rumbu ya yi ƙasa, damina ta matso. Abin da ya rage masa shanun huɗa biyu ne da ya gada. Ya kira dillali ya ce a nemo mai saye.

Hamdiyya ta ce, "Malam, in ka sayar da su, da mi za ka huɗa bana? Da hular?"

Ya ce, "Ke dai yi shiru. Wani ya ce zai kira ni daga Abuja."

"Tun azumi shina kiran naka."

A makon nan aka yi suna a Sanyinna. Can ya haɗu da Mannir, abokin karatunsa da ke zaune a Kebbe. Suna cikin cin tuwo Mannir ya ce, "Manaja, kwanan baya ka faɗo mini a rai. Wani alhaji ya buɗe sito a garinmu, yac ce in samo mai amana wanda ya san aikin. Nic ce kai ne, amma da na duba waya sai ga ka cikin buhuhuwa kana aiki ibada. Wa zai ɗauko manaja ya kai shi ƙauye? Sai munka ba wani."

Lomar da ke hannun Ubaidullahi ba ta kai baki ba. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Ai kun kyauta."

Da ya dawo gida ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba. Ya ba Hamdiyya labari. Ba ta tausaya masa ba, kuma ta yi daidai.

Ta ce, "Mutanen da sunka san ka tun kana yawo ba wando ka ɓoye ma, ka je kana roƙon baƙi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ɗauki wayar nan ka faɗi gaskiya, ko ni in je in faɗa da bakina."

Ya danna wayar, ya yi magana, ya goge. Ya sake, ya goge. A karo na uku ya cire hular ya ajiye, ya yi sallama, ya ce:

"'Yan uwa, ni ne Ubaidullahi. An sallame mu wata biyar ke nan. Hotunan da kunka gani tsofaffi ne, kunya ce ta sa, ku gafarce ni. Na san tsaron sito, na san taki, na san iri mai kyau da wanda ya mutu. Duk wanda ya ji labarin aiki, ko a ina ne, ya tuna da ni."

Ya tura.

Wanda ya fara amsawa Bilyaminu ne, sarkin tsiyar ajinsu. Ya ce, "Ashe manajan gindin bishiya gare mu! Wallahi na gan ka sau biyu a hanya, nic ce ko buhuhuwan ne sunka koma daji." Zaure ya cika da dariya. Ubaidullahi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai fita daga zauren ba. Ya rubuta, "Na ci wannan."

Dariya ba ta kashe kowa. Kafin la'asar, Bilyaminun nan ne ya fara tura saƙon zuwa zauren 'yan kasuwar hatsi. Raliya, 'yar ajinsu da ke aikin jinya, ta tura wa mijinta. Mannir ya kira Ubaidullahi yana faɗa: "Kai wane irin mutum ne? Ka zauna gabana kana cin tuwo ka bar ni ina zuba?"

Kwana huɗu bayan haka wani dattijo, Malam Attahiru, shugaban wata ƙungiyar manoma a Kebbe, ya kira shi. Saƙon ya bi hannu uku kafin ya isa gare shi. Bara an sayar musu da mataccen iri, gonaki da yawa ba su tsira ba, suna neman wanda zai riƙe musu sito.

Ubaidullahi ya hau babur ya sha ramukan hanya. Da ya isa, dattijon bai ko kalli takardunsa ba. Ya sa aka kwance buhun irin masara biyu, ya ce, "Ɗana, wanne za mu shuka?"

Ubaidullahi ya tura hannu har gwiwar hannu a buhun farko, ya ɗebo daga ƙasa, ya shinshina, ya fasa ƙwaya da haƙori. Ya yi wa na biyu haka. Ya ce, "Baba, wanga na farko ya sha danshi, sama kawai anka zuba mai kyau. Ku ba kaji. Wancan ku shuka."

Malam Attahiru ya dubi mutanensa, ya ce, "Ku ba shi makulli."

Albashin bai kai na kamfani ba, kuma babu mai ce masa manaja. Tun a bakin siton ya kira dillali ya ce a bar maganar shanu. Ruwan farko da ya sauka, da su ya huɗa gonar ubansa.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Sallama daga aiki ba abin kunya ba ce, ƙarya ce abin kunya. Wayar da ke hannunka ba ta san gaibu ba, abin da ka saka shi mutane za su gani, kuma ba a kai wa mai ƙoshi tuwo. In ka rasa aiki, fara da waɗanda suka san ka, ka faɗi gaskiya, ka faɗi abin da ka iya, ka haƙura da dariyar kwana ɗaya. Ku tura wa 'ya'yanku da mazajenku, wataƙila akwai mai zama a gindin bishiya a cikinsu.