Dalilin Da Ya Sa Jatau Da Guntau Suka Raba Wurin Zama

Dalilin da ya sa sinadarin da ke sa jikinku girma ya kasu biyu, ga shi, in za ku daina mintsinin juna. Jikin mutum ƙananan gidaje ne da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin halitta. Kowane gida yana da tsakar gida, da ƙuryar ɗaki a tsakiya inda ake ba da umarni.

A da can, a wani gida cikin ƙafar wata manomiya, Ladingo, akwai Iya Tabawa da 'ya'yanta biyu, su ne sinadarin nan. Jatau dogo ne mai jelar rawani har ƙasa, Guntau kuwa gajere, ko hula ba ya sawa. Aikinsu, in fata ta tsage, ɗaya ya shiga ƙurya ya ta da aiki, ɗaya ya fita ya kira maƙwabta su hayayyafa su cike wurin.

Ran nan fartanya ta sare Ladingo a ƙafa. Iya ta ce, "Maza ku tashi!"

Jatau ya ce, "Ni zan fita, ni ne babba."

Guntau ya ce, "To, Yaya, ni ma yau sai na ga ƙuryar nan."

Jatau ya nufi waje, jelar rawaninsa ta sarƙe a ƙofa, ya tsaya yana ta fizga. Guntau ya je ƙurya, mai gadin ƙofarta ya gan shi ba rawani, ya ce bai san shi ba. Suka dawo suna zagin juna. Ciwo kuwa ya kumbura, ya fara ruwa, Ladingo ta kasa taka ƙafar, ciyawa tana cin gonarta.

Iya ta dafe kai. "Wai ni me na haifa? Matar nan za ta rasa ƙafa, kuna nan kuna musu! Mai gadi, daga yau wanda ka gani da jela, tura shi ƙurya, kada ya fito. Kai kuma Guntau, ba abin da zai riƙe ka, fita!"

Jatau ya ce, "Iya, har yaushe?"

"Har na huta da ku!"

Kowa ya kama aikinsa, ciwo ya warke. Kafin a gama noman, Ladingo ta koma gona.

Shi ya sa har yau masu bincike ke samun dogon sinadarin a ƙurya, gajeren a tsakar gida da waje. Iya ba ta huta ba tukuna.