Ranar da Radivoje Ya Kwance Talabijin

A wani ƙauye kusa da garin Valjevo akwai wani dattijo mai suna Radivoje. Shekara talatin ya yi yana gyaran talabijin, irin na da masu ƙaton ƙeya, kuma a zamaninsa babu wanda ya kama ƙafarsa. Zamani ya wuce, ya rufe shago, amma bai rufe girman kai ba. In dai abu yana da waya a jiki, to ba a gaya wa Radivoje komai a kansa. Ko ka fi shi gaskiya sai ya ce, "Tun kana rarrafe nake wannan aikin."

Mahaifiyarsa, tsohuwa Stanija, tana zaune tare da shi da matarsa Milunka. Ta haura tamanin da takwas, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, ba ta gane fuska a waya sai a babban allo. Ita ta raini Biljana, 'yar ƙanen Radivoje da ya rasu, har yarinyar ta girma ta tafi aiki Kanada. Ran wata Asabar aka sa auren Biljana a can. Cocin da za a yi auren yana nuna ɗaurin aure kai tsaye ta intanet, amma ba ya ajiye hoton. Biljana ta yi alkawari cewa da zarar an ɗora musu kambin aure, za ta juyo ta ɗaga wa kakarta hannu. Wata uku tsohuwar tana ƙirga kwanaki.

Ƙarfe biyar na yamma za a fara. Tun huɗu aka sa wa Stanija baƙar rigarta ta zuwa coci, aka zaunar da ita gaban talabijin. Milunka tana kicin da tukwanen sarma, kabejin nan da ake naɗewa da nama, don maƙwabta za su shigo. Ljubinko mai kiwon zuma ne ya fara isowa.

Radivoje ya danna rimot. Talabijin ya kawo, amma ya rubuta cewa babu intanet. Ya kashe ya kunna, rubutun yana nan. Ya goge sunan layin gidan don ya sake shigar da kalmar sirri, sai sunan ya ƙi fitowa gaba ɗaya.

"Maƙwabci, ka leƙa ƙaramin akwatin nan na intanet da ke zaure," in ji Ljubinko. "Nawa in ya yi haka, can nake fara dubawa."

Radivoje ya ɗaga wayarsa. "Ga intanet yana aiki a waya. Akwati lafiyarsa ƙalau, talabijin ne. Kai ka tsaya kan ƙudan zumanka."

"To ai wayar tana iya zama datarta take sha."

"Yau kuma mai zuma ne zai koya mini lantarki?"

Ljubinko ya yi dariyar yaƙe ya zauna. Daga falo zuwa zaure taku bakwai ne. Amma tun da shawarar ta fito daga bakin wani, ƙafar Radivoje ta yi nauyi.

Huɗu da rabi ta yi. Ya mayar da talabijin yadda ya fito daga kamfani, komai ya goge, ya zauna yana jira ya sake kawowa. Talabijin ya kawo, babu intanet. Milunka ta leƙo da cokali a hannu.

"Maigida, me ya faru ne?"

"Koma kan tukunyarki, kada ki cika ni da surutu."

Ta koma. Tsohuwar ta dafa sandarta ta ce a hankali, "Ɗana, an fara?"

"Saura, Inna. Yanzu zan gyara."

Ljubinko ya duba agogo. "Ka ga, nawa yana aiki. Mu sa Inna a mota, minti goma muna gidana. Gobe sai ka yi gyaranka a tsanake."

Wannan maganar ce ta ƙona ran Radivoje. A ce uwarsa ta kalli auren jikarta a gidan wani, ƙauye ya ji cewa talabijin ya gagare shi? "Ina raye ba za a yi haka ba," ya ce. Ya ɗauko tsohuwar jakar kayan aikinsa.

Ya sauke talabijin ya kifa shi a tebur. Ya kwance bayan, yana tsammanin ganin abin da ya saba, sai ya tarar da 'yan faifai biyu da wayoyi sirara kamar zare. Bai gane kansu ba, amma ido yana kansa. Ya ga wani ɗan guntu da yake zaton shi ne mai kamo intanet, ya dafa da ƙarfi don ya zare shi. Aka ji ƙas. Ashe ya manta sukudireba a ƙarƙashin allon.

Ya juyo da talabijin, ga tsaga tun daga sama har ƙasa. Ya jona shi, allon ya kawo baƙi da 'yan layuka. Biyar da kwata ta wuce.

Milunka ta shigo da faranti, ta ga abin da ake ciki, ta tambayi Ljubinko. Da ya faɗa mata, sai ta ajiye farantin.

"Intanet? Wayyo. Ai ni na cire filogin akwatin da rana, na jona tukunyar lantarki. Soket ɗin kicin biyu ne kawai, duk na cika su. Ni ban san shi ke ba talabijin ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na zo na tambaye ka, ka kore ni."

Radivoje ya ajiye kayan aikinsa. Shi da Ljubinko suka ɗauki tsohuwar da kujerarta, suka sauko da ita matakala ɗaya bayan ɗaya, suka sa ta a mota. Hanyar hawa ce mai duwatsu, ba a gudu da mai ciwon ƙashi. Kafin a shigar da ita, a nemo tashar cocin, shida ta gota. Hoton ya fito tas. Mutane suna fita, wani dattijo yana kashe kyandirori.

Stanija ta matso da fuskarta dab da allon tana neman farar riga. Ba ta samu ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dubi ɗanta ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Can sai wayar Milunka ta yi ƙara. Biljana ce, muryarta cike da murna.

"Kaka! Kin gan ni? Na ɗaga miki hannu har sau biyu, har limamin cocin ya harare ni."

Radivoje ya sunkuyar da kai yana jiran a tona shi. Tsohuwar ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Na gan ki, 'yar nan," ta ce. "Kin yi kyau. Kawunki ne ya gyara mini talabijin na gani."

Radivoje ya fita waje ya zauna a gindin akwatunan zuma, ya yi kukan da rabonsa da shi tun ranar da aka binne ƙanensa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin jiya ba ya hana mutum tambaya yau. Duk wanda abu ya lalace masa, ya fara duba mafi sauƙi kafin ya ɗauko sukudireba, kuma ya saurari na kusa da shi ko da yana ganin ya fi su sani, domin matambayi ba ya ɓata. Girman kai ba mai shi kaɗai yake cuta ba, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne yake biyan asarar. Talabijin ana sayen sabo, amma sa'ar da ta wuce babu mai gyaran da zai dawo da ita.