Ajin da Fushi Ya Rufe

An yi wani mutum a garin nan namu, ya 'yan uwa, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Kun san mu Malayu da sunan ɗan fari muke kiran uba. In na ambace shi na ambaci 'yarsa, ita kuwa ba ta yi wa kowa laifi ba.

Da wuƙa ɗaya ya fara, yana fiɗar tumaki a mayanka kamar sauran iyayenmu da suka baro tsibiri. Allah ya buɗa masa, ya sayi mayankar, ya sayi manyan motoci, namansa ya riƙa ƙetare teku. Har nan babu laifi.

Abu ɗaya ne ba ya son ji, haraji. Yana da wani akanta a Perth, babban birnin jiharmu, wanda aikinsa kenan ya mayar da shekarar albarka ta zama ta fari a kan takarda. Da aka kawo maganar ƙara wa manyan masu kuɗi haraji don a riƙe makarantun karkara, shi ne kan gaba wajen tafiya birni, shi da 'yan uwansa attajirai, suka yi ta kai gwauro suna kai mari har maganar ta mutu. Ya dawo yana cewa, "Wa ya fi ni sanin yaran garin nan? Ni zan ba su da hannuna, ba sai wani mai kwat ya ƙwace ya raba ba."

Kuma ya bayar, gaskiya ɗaya ce. Makarantarmu ba ta da malamin lissafi da kimiyya na manyan azuzuwa, gwamnati ta ce yaran sun yi kaɗan. Kamfaninsa ya ɗauki albashin. Duk ƙarshen shekara, ranar raba kyaututtuka, sai ya hau dandamali da wani ƙaton cek na kwali mai girman ƙofa, wanda babu bankin da zai karɓa, an yi shi ne don hoto. Mai jarida ya ɗauka, a gasa nama, mu ci mu tafa.

Ana nan, a wani taron iyaye, aka tambayi shugabar makarantar, Misis Treloar, ko malamin zai dawo baɗi. Ita kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce, "Ban sani ba. Kyauta ce, mai ita ke da iko. Da daga haraji ne, da na ce muku e."

Kafin magariba magana ta kai masa, an ƙara mata gishiri. Washegari ya janye albashin, a tsakiyar shekara. Malam ya haɗa kayansa, aka rufe ajin.

Masu hali suka tura 'ya'yansu makarantar kwana a Perth. Marasa hali fa? A cikinsu akwai Hazlan, maraya, wanda kansa ke ja sosai, yana son karatun haɗa magunguna. Uwarsa, Mak Hazlan, ta sami attajirin a ofishinsa.

Ta kira shi yadda muke kiran dattijo, ta ce, "Pak, 'yan watanni suka rage masa. Faɗanku na manya ne, me yaro ya yi?"

Ya ce, "Baturiyar ta zo ta ba ni haƙuri, gobe malam ya dawo."

"To in ba ta zo ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ki turo min farfesan naki. Ni da ban ƙare firamare ba, kin ga na mutu?"

Misis Treloar ta je, ya 'yan uwa. Ta je ta ba da haƙurin laifin da ba ta yi ba. Ya ce ta makara, ai ya riga ya rantse.

Hazlan ya kama aiki a mayanka. Bai cika wata uku ba zarton inji ya raba shi da hannun dama daga wuyan hannu.

Daga nan abubuwa suka fara zubewa. Ma'aikata masu yara suka ga garin da babu aji ba wurin zama ba ne, suka riƙa kwashe iyalansu gida bayan gida. Masu bincike suka zo kan hatsarin, daga duba inji suka koma duba harajin shekarun baya. Akantan ya daina ɗaukar waya. Aka sayar da motocin, aka sa wa mayankar kwaɗo. 'Yarsa ma ta ɗauki jikokinsa ta koma birni, don su yi karatu.

Amma ba talauci ne ya karya shi ba. Ranar ƙaramar Sallah, kamar yadda muka saba, kowa na bi gida gida yana neman gafara, a kama hannu bibbiyu a yi kuka. Shi da ake zuwa gidansa a yi layi, ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Mak Hazlan. Ya durƙusa, ya miƙa hannuwansa biyu. Yaron ya miƙa na hagu, ya ɗora dungun a kai.

Hazlan ya ce, "Na yafe, Pak. Ka tashi, ƙasa da sanyi."

Uwar tana bakin ƙofar kicin. Ta ce, "Shi ya yafe. Sauran 'yan ajin fa, Pak? Da yaran wasu garuruwan da ka je birni ka hana su? Ka san gidajensu?"

Bai sani ba. Ko sunayensu bai sani ba. Har ya rasu yana zama a sahun ƙarshe, yana tambayar duk wanda ya zauna kusa da shi yadda ake neman yafiyar wanda ba a sani ba.

Ya 'yan uwa, kyauta abu ne mai kyau, kada wani ya fita ya ce na hana. Amma kyauta tana bayan haƙƙi ne. Wanda ya danne abin da ya wajaba a kansa, ya gutsuro kaɗan ya miƙa a gaban mai hoto, me ya bayar? Kayan yaran ne ya mayar musu da ɗan ɓangare, kuma ya sa suka yi masa godiya. Karatun yaro bai kamata ya dogara da yadda wani ya tashi daga barci ba.

Mu fa da muka ci naman muka tafa? Ranar da aka rufe ajin nan, wa ya buɗe baki a cikinmu? Kowa na tsoron aikinsa. Matar da ba ta sallah tare da mu ce kaɗai ta faɗi gaskiya, muka bar ta ita kaɗai.

Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana. Allah ya kiyaye mu daga cin haƙƙin waɗanda ba za mu iya samu mu roƙa ba. Amin.